Hunturun farko a arewacin Ingila babu iyali: zaman ɗaki ko fita ganin ƙasa?

Bakano_M14:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce a madadin sababbin zuwa da suka sauka a watan Satumba, akasarinsu masu digiri na biyu. Kun san tun Janairun 2024 aka hana masu irin wannan karatu zuwa da mata da yara, sai masu digirin bincike ko waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, don haka kusan kowa shi kaɗai yake a ɗakin haya. To, akwai ra'ayin da ke yawo cewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu babu abin da ya kamaci mutum sai makaranta, aiki, ɗaki, yawon buɗe ido kuma a bari sai zafi ya shigo. Wasu na cewa wannan zaman ɗakin ne ma yake kwantar da mutane. Manyanmu da kuka daɗe, wanne ya fi? Kuma me za a tanada kafin sanyin ya kankama?

Dakta_Zazzau:
Wa alaikumus salam. Sanyin Manchesta ba shi da tsananin da ake zuzutawa, da rana yakan tsaya tsakanin digiri 4 da 8. Abin da ke gajiyar da mutum duhu ne. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba, da ƙarfe 2 na dare, ana mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan magariba ta fara rugowa. Zuwa 21 ga Disamba rana tana fitowa wajen 8:20 na safe ta faɗi kafin ƙarfe 4, wato hasken awa bakwai da rabi ke nan, shi ma galibi a bayan gajimare. A Kano kuwa ko a Disamba hasken ya haura awa 11. Wanda ya shiga laburare da safe ya fito da yamma zai iya yin mako bai ga rana ba.

Abu biyu nake ba da shawara. Na farko bitamin D, maikurogiram 10 a kullum. Hukumar lafiya ta NHS ta ce kowa ya sha daga Oktoba zuwa Maris, masu baƙar fata kuma su sha shekara gaba ɗaya, domin fatarmu ba ta samar da isasshe a ƙarƙashin wannan rana mai rauni. Kada babba ya wuce maikurogiram 100 a rana in ba likita ya rubuta ba. Na biyu, a fita waje tsakanin 11 na safe da 1 na rana, ko na minti 20 ne, ko da hadari. Hasken waje a ranar gajimare ya ninka na fitilar ɗaki nesa ba kusa ba. In kasala, yawan barci da ƙuncin rai suka wuce mako biyu, a je wurin likitan unguwa. Rajista kyauta ce, a yi ta tun yanzu, kada a jira sai an kwanta.

Injiniya_Leeds:
Dakta ya yi gaskiya kan duhu, amma ni danshi nake sa wa a gaba. Hunturun gida busasshe ne, ka shanya riga ta bushe kafin la'asar. Nan kuwa jiƙaƙƙe ne, gidajen hayan kuma da yawansu tsofaffin gine-ginen bulo ne masu bango mai sanyi. Mutum zai toshe ko'ina don gudun iska, ya yi girki, ya shanya wanki a kan radiyeta, wato ƙarfen ɗumama ɗaki, duk tururin ya sauka a bango da gilashin taga. Bayan mako uku sai baƙar fumfuna ta fito a kusurwa da bayan wadirob, takalma da shaddar da ke cikin akwati su soma wari. Maganin: a buɗe taga minti goma safe da yamma ko ana sanyi, a bar 'yar ƙofar iskar da ke saman taga a buɗe, a goge ruwan da ya taru a gilashi kowace safiya, a janye gado da wadirob daga bangon waje kamar faɗin tafin hannu. A riƙe ɗaki a digiri 18 zuwa sama. Akwai ɗan agogon auna danshi mai araha. In ya wuce kashi 60 cikin ɗari ya zauna a nan, to fumfuna na hanya.

Hajiya_Bradford:
Injiniya, ka bar babba. Gawayi. 'Ya'yana, don girman Allah kada wanda ya kunna gawayi a cikin ɗaki, ko don ɗumi ko don turaren wuta. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri za ka fara ji, sai barci, shi ke nan. A gida ana tsira ne saboda iska na shiga ta ko'ina, nan kuwa tagogi masu gilashi biyu ne, a toshe suke ruf. Mai son turare ya sayi kaskon lantarki, ya sa kaɗan, ya buɗe taga. Kuma kada a ɗaure wa na'urar gano hayaƙi leda ko safa don kar ta yi ƙara. A gidajen kwanan ɗalibai tara ake ci a kan wannan.

Sa'annan sababbi su sani, wajen 5 ga Nuwamba za su ji fashe-fashe da dare a ko'ina. Wasan wuta ne na al'adarsu, ba harbi ba ne. Kada a kira gida a tayar wa iyaye hankali.

Ɗan_Gobir:
Ni ina ɓangaren masu cewa a zauna. Ɗalibi awa 20 kacal doka ta ba shi ya yi aiki a mako lokacin karatu. Ga haya, ga abinci, ga na aikawa gida, ga sauran kuɗin makaranta. Da wane kuɗin za a je kallon tsaunuka? Kuma me za a gani cikin hazo da ruwan sama? A yi haƙuri zuwa Mayu.

Mai_Jirgi_S1:
Malam Ɗan_Gobir, tsadar jirgin ƙasa a nan tsadar wanda ya sayi tikiti a tasha ranar tafiya ce. Akwai katin 16-25 Railcard da ke rage kashi ɗaya cikin uku, kuma ɗalibi na cikakken lokaci yana samunsa ko ya haura shekara 25, fom ne kawai jami'a za ta tabbatar. Akwai na 26-30. Akwai Two Together na mutum biyu da ke tafiya tare, yana aiki daga 9:30 na safe a ranakun aiki. Tikitin Advance yakan fito makonni kafin tafiya, har zuwa 12, kuma shi ne mafi araha, sai dai a ɗaure yake da jirgi guda: ka makara da kanka, ya tafi da kuɗinka. In kuwa jirgin farko ne ya yi latti ya sa ka rasa na biyu, kana da damar hawa na gaba da tikitinka.

Kuma a daina yafe kuɗin latti. Tsarin Delay Repay yana mayar da rabin kuɗin zuwa in an makarar da kai minti 30, duka in ya kai awa ɗaya, kamfanoni da yawa ma tun daga minti 15 suke biyan rubu'i. Kwana 28 ake da shi a cike fom, a ajiye tikitin ko hotonsa.

Maganar nisa kuma, daga tashar Piccadilly ta Manchesta zuwa Edale wajen minti 45 ne. Da kati, tafi da dawowa bai kai kuɗin cin abinci sau ɗaya a gidajen abincin titin Wilmslow Road na Manchesta ba.

Ummu_Hanif:
Me ke Edale ɗin? Ba kowa ne ya san wuraren nan ba, a yi mana bayani.

Mai_Jirgi_S1:
Ƙauye ne a yankin Peak District, tsakanin Manchesta da Sheffield. Daga tasha ana hawa zuwa Hollins Cross, a bi doron tudu zuwa Mam Tor mai tsawon mita 517, kwari biyu na ƙasa hagu da dama, tumaki a warwatse, katangun dutse sun yanka filayen gida-gida. Awa uku ta isa a je a dawo a natse. A Disamba a hau jirgin da zai isa kafin 10 na safe, a tabbata an sauko kafin 3. Ranar da aka kwana da sanyi sama kuma ta washe, sau da yawa hazo yakan kwanta a cikin kwarin kai kana samansa cikin rana. An fi dacewa da wannan a kaka da hunturu, masu jiran Mayu da wuya su gan shi.

Bazamfara_Glasgow:
Kada dai a ɗauki tudun nan da wasa saboda lambar mitocinsa ƙarama ce. Kowace mita 100 da ka hau, zafi na raguwa da fiye da rabin digiri, iska kuma ta ƙara nata. Digiri 5 a tasha zai iya zama ƙasa da sifili a jikinka a sama. Kaya hawa uku: na ciki mai kama jiki wanda ba auduga ba, don auduga na riƙe gumi ta sanyaya ka, na tsakiya ulu ko makamancinsa, na waje rigar da ruwa da iska ba sa ratsawa. Wandon jins in ya jiƙe ba ya bushewa. Lema ba ta da amfani a kan tudu, iska za ta juye ta. Takalmi mai ƙasan roba mai haƙora, safar hannu, hular da ke rufe kunne, tocila, ruwan shayi a filas. A duba hasashen hukumar yanayi ta Met Office da safe. In an sa gargaɗi ruwan ɗorawa a sake tunani, in ruwan lemo ne ko ja a fasa. Sanyi na shanye batirin waya da sauri, a sa ta a aljihun ciki. Manyan duwatsu irin su Ben Nevis mai mita 1,345 ko Scafell Pike mai 978 kuwa, ba na sabon zuwa ba ne da hunturu, ko kusa.

Ɗan_Gobir:
To ai kun dawo maganata. Duk kayan nan da Bazamfara ya lissafa kuɗi ne.

Hajiya_Bradford:
Shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji suna kowane titi, ɗana. Rigar sanyi mai kyau da kuɗi kaɗan. Kuma ko ba ka hau dutse ba, ai dole ka saye ta don zuwa makaranta. Ko shaddar Juma'a za ka sa, sai da dogon wando da riga masu kama jiki a ciki, in ba haka ba kafin a idar da huɗuba haƙoranka na kaɗawa.

Malam_Cheetham:
Wani abin da ba a taɓo ba shi ne sallah. A Disamba azahar na shiga jim kaɗan bayan 12, la'asar wajen 1:30, magariba kafin 4. Salloli uku cikin ƙasa da awa huɗu, daidai lokacin darasi ko aiki. Mai fita yawo ya yi alwala tun daga gida, ya ɗauki dadduma mai ledar ƙasa. Alƙibla daga nan kudu maso gabas take, wajen digiri 118 daga arewa, ba gabas ɗin da aka saba ba. A jadawalin masallatai za ku ga lokutan la'asar biyu. Na farkon shi ne wanda muka saba da shi a mazhabar Malikiyya, lokacin da inuwar abu ta kai tsawonsa. Na biyun na Hanafiyya ne, kuma masallatan 'yan Pakistan da Indiya da yawa da shi suke jam'i. Kada wani ya ga haka ya ce an yi kuskure.

Abu_Sumayya:
Malam, shafa a kan safa fa? Cire takalmi da safa a bayin jami'a ko a kan dutse aiki ne.

Malam_Cheetham:
A Malikiyya huffin fata ake shafa a kai, wanda ya rufe idon sawu kuma aka sa shi da cikakkiyar alwala. Ana sayar da shi a shagunan kayan Musulunci na unguwannin Cheetham Hill da Longsight a Manchesta, yana shiga cikin takalmi. Wasu malamai, musamman Hanabila, sun halatta a kan safa mai kauri. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi, kada mu mai da zauren nan fagen fatawa.

Dakta_Zazzau:
Gajeren yinin yana da nasa alherin. Ramadan yana matsowa baya da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, yanzu ya shigo ƙarshen hunturu, shekaru masu zuwa kuma cikin tsakiyarsa zai faɗo. Mai ramuwa ma Disamba ce lokacinsa. Wahalar tana Yuni, lokacin da rana ke kaiwa bayan 9:30 na dare ba ta faɗi ba, shafaƙi kuma ba ya gushewa sosai, shi ya sa masallatai ke saɓawa kan lokacin isha'i da asuba.

Injiniya_Leeds:
Bari in koma kan ɗumama ɗaki, don an tambaye ni ta gefe. In radiyeta ta yi zafi a ƙasa sama kuma sanyi, iska ce ta taru. A kashe na'urar, a bari ta huce, a sa ɗan mabuɗinta a ƙusar da ke saman gefe, a juya hagu rubu'in zagaye da tsumma a ƙasa. Za a ji huci, da ruwa ya fara fitowa a ɗaure. In ƙasan ne sanyi, laka ce ta taru a ciki, wannan aikin mai gidan haya ne. Bayan fitar da iska a duba agogon boila, wato na'urar da ke dafa ruwan ɗumama gida: allurar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 in na'urar na sanyi. In ta faɗi ƙasa sosai boila ta ƙi tashi, akwai 'yar tiyo mai ruwan azurfa a ƙarƙashi da famfo ɗaya ko biyu, a buɗe a hankali har allura ta kai, a rufe tam. Mantawa da shi a buɗe shi ke sa ruwa ya yi ta zuba ta bututun waje. Daren da aka yi ƙanƙara boila ta mutu tana gurgur, duba farin bututun roba da ke fita waje, daskarewa ya yi. Ruwan ɗumi ake zuba masa, ba tafasasshe ba. Murfin boila kuwa ba mai buɗe shi sai ma'aikaci mai rajistar Gas Safe, kuma dole mai gida ya sa a duba ta kowace shekara ya ba ka takarda. In an ji warin gas, kada a taɓa makunnin wuta, a buɗe tagogi, a fita, a kira 0800 111 999.

Nana_Coventry:
Injiniya, ba kowane ɗaki ke da gas ba. Wasu hitar bango ce mai bulo a ciki, tana ɗaukar zafi da dare lokacin da lantarki ke da araha ta sake shi da rana, kamar garwashin da aka rufe da toka. Maɓalli biyu gare ta, na ɗauka da na saki. In ka bar na sakin a buɗe tun safe, kafin ka dawo da yamma ta huce. A rufe shi in za a fita, a buɗe in an dawo. Ƙaramar hita mai fanka kuma ita ke cinye kuɗi, mai kilowat 2 tana shan yunit biyu a awa, lantarki kuwa ya kai kusan ninki huɗu na gas. Bargon lantarki bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. A sayi bargo mai lamba 13.5 tog, na 4.5 na lokacin zafi ne. Gorar roba ta ruwan zafi a cika ta kashi biyu cikin uku, ba da tafasasshen ruwa ba, a matse iskar kafin a rufe.

Bakano_M14:
Allah ya saka da alheri. Amma har yanzu tambayar farko na nan. Wasu ma cewa suke maimakon yawo a nan, gara a tara kuɗin a je gida hutun Disamba a ga iyali.

Alhaji_Peckham:
Ganin iyali ba shi da na biyu, amma a yi lissafi. Tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu shi ne lokacin da tikitin Najeriya ya fi tsada a shekara. Landan zuwa Abuja kai tsaye awa shida da ɗoriya ne; mai son sauka Kano sai ya bi ta Alƙahira, Addis Ababa ko Doha, ko ya sauka Abuja ya hau na cikin gida. Lokacin kuma ƙurar hunturu kan hana jirage sauka da tashi a Kano, don haka kada a sa jirgin cikin gida rana ɗaya da na dawowa, a bar kwana guda a tsakani. Yawancin kwasa-kwasai na da jarrabawa ko aikin miƙawa a Janairu. Sa'annan biza yanzu ta intanet ce, wa'adin katin izinin zama na BRP ya ƙare tun ƙarshen 2024. Wanda ya sabunta fasfo ya shigar da sabuwar lambar a asusunsa kafin ya tashi, in ba haka ba a wurin shiga jirgi za a tsayar da shi.

Wajen dawowa: kilishi, dambun nama, man shanu, duk abin da ya shafi nama ko madara, an hana shigo da shi. Ƙwacewa za a yi. Busasshen kifi an yarda har kilo 20. Garin kuka, kuɓewa da yaji a ƙulle su da kyau, in ana shakka a bi jar ƙofar kwastan a filin jirgi a nuna.

Hajiya_Bradford:
Mai kewar abincin gida ba sai ya jira mai zuwa ba. Shinkafar da suke kira pudding rice tana tuƙuwa tuwo sumul. Garin gero yana shagunan 'yan Indiya da sunan bajra, tsamiya da sunan imli, zoɓo kuma a shagunan 'yan Karibiyan. Miyar taushe: kabewarsu mai dogon wuya, alayyafo, da man gyaɗar shafa burodi wanda ba sukari. Ƙullun masa ne ke ba da wahala, ba ya tashi a kicin mai sanyi. A sa shi a cikin oben a kashe da kwanon ruwan zafi a gefe, ko kusa da tankin ruwan zafi, a ba shi dare guda. Ku haɗu ku huɗu ku biyar ranar Lahadi ku yi girki tare, kowa ya tafi da na mako. Ku tuna manyan kantuna awa shida kawai suke buɗewa ranar Lahadi a Ingila, yawanci 4 ko 5 sun rufe.

Maman_Walid_Kano:
Mu da ke gida ga namu roƙon. Da an canza agogonku, mun riga ku da awa ɗaya, haka ma Nijar. Gana ce kuke daidai da ita. In kun bari sai kun dawo daga aiki ƙarfe 9, nan 10 ta yi, yara sun yi barci. Ku tsayar da lokaci ɗaya, ko bayan magaribarku ne. Kuma in kun je wuraren nan ku kira ta bidiyo, yara sun fi son ganin dusar ƙanƙara da tumaki a kan bangon ɗaki.

Bazamfara_Glasgow:
Dusar ƙanƙara ba ta da tabbas a Manchesta, Maman Walid, takan zuba ta narke kafin azahar. Mai son ganinta sosai sai Aviemore a Sikotilan tsakanin Janairu da Maris. Wanda kuma ba ya son tafiyar ƙafa, jirgin kansa ya isa kallo. Daga Leeds zuwa Carlisle ta Settle ƙasa da awa uku ne, ana bi ta kan gadar Ribblehead mai baka 24, amma daga cikin jirgi ba a ganinta da kyau, sai an sauka a ƙaramar tashar da ke kusa. Daga Glasgow zuwa Mallaig ya haura awa biyar, ta fadamar Rannoch da gadar Glenfinnan. Da hunturu jirgin safe za a hau, a zauna gefen hagu, in ba haka ba rabin hanyar cikin duhu za a yi ta.

Mai_Jirgi_S1:
Gyara ɗaya ga masu shirin zuwa tafkin Windermere a yankin Lake District: tashar ba a bakin tafkin take ba. Sai an gangara Bowness, tafiyar kusan rabin awa a ƙafa ko a hau bas. Ganyen kaka kuma ba ya jira, daga tsakiyar Oktoba zuwa makon farko na Nuwamba ne yake ja da ruwan ɗorawa, iska ɗaya mai ƙarfi ta kakkaɓe shi. Bayansa sai fararen furannin Fabrairu, rawaya a Maris, shuɗi a dazuzzuka ƙarshen Afrilu.

Ɗan_Gobir:
Na ji, Edale ɗin dai mai sauƙi ce. Amma Mallaig da Aviemore sai da kwana, kwana kuma kuɗi ne. Ina nan kan bakana a kan waɗannan.

Alhaji_Peckham:
Duk wanda zai zauna hutun, ya sani ranar 25 ga Disamba babu jirgin ƙasa, bas ɗin gari ma kusan babu, manyan kantuna a rufe. Ranar 26 jirage kaɗan ne ke tashi, kuma tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara ake gyaran layuka, sai a sauke ku a sa ku a bas. A yi cefane tun 23. Masu tunanin tsallakawa Faransa kuma, bizar Birtaniya ba ta kai ku can, sai ta Schengen daban, wato bizar ƙasashen Turai da yawa. Belfast babu matsala, amma Dublin wata ƙasa ce, ita ma da tata bizar.

Ummu_Hanif:
Mai_Jirgi, katin nan na Two Together, dole sai mata da miji, ko ƙawaye biyu ma za su iya?

Mai_Jirgi_S1:
Kowane mutum biyu, Anti, muddin sun kai shekara 16. Sunayensu da hotunansu ne a kan katin, kuma dole su yi tafiyar tare tun daga farko har ƙarshe. In ɗaya ta fasa ranar, ragin ya faɗi, ɗayar sai ta sayi sabon tikiti.